Takardun Bangon Inna

Tun ranar da na koma makaranta 'yan ajinmu suka hana ni sakat. Kowa na son jin yadda aka yi ni Kulu, da ban taɓa wuce kasuwar Nahuce ba, na keta ƙananan hukumomi uku cikin kwana huɗu. Na ba su labari iri-iri. Na ce wa Saratu a Gusau har awaki na tsayawa a danja. Na ce wa Bilki na ga fankar da ta ɗauke wa wani mutum hula, ba a tsince ta ba sai a Ƙaura. Jiya suka ritsa ni a bakin rijiya suka ce in faɗi gaskiya ko sau ɗaya ne a rayuwata. To ga ta nan. Ba ta kai ƙaryar daɗi ba, shi ya sa na yi ta ɓoye ta.

Gidanmu yana bakin kwazazzabo, kuma kowace damina ruwa sai ya gutsuri rabonsa ya matso. Ɗakin Inna, kakata ta wajen uba, shi ne na ƙarshe. Marigayi kakana ne ya gina shi da hannunsa. Bangon bayansa ya tsage tun daga sama har ƙasa, ina zura hannuna ciki har gwiwa, ƙadangaru kuwa sun mai da wurin unguwarsu. Ana saura kaɗan ruwa ya sauka Baba ya ji a rediyo cewa gwamnati za ta tallafa wa gidajen da ke cikin haɗari tun kafin su faɗi: siminti, dutse, da magina da za su tare bakin kwazazzabo. Dagaci ya ce gaskiya ne, ya rubuta mana wasiƙa. Baba na karanta ajami kamar ruwa, amma boko ya fi ƙarfinsa, don haka aka ce in bi shi in zama idonsa.

Hoton tsagar ma a sace aka ɗauka, ranar da Inna ta tafi suna, don Baba ya san halin uwarsa. Da za mu fita ranar Litinin ta ɗaure mana hoce da ƙuli-ƙuli a leda, ta nuna ni da baki.

"Ke ja'ira, in kin je birni ki riƙa rufe wanga baki naki, kada su ɗauka duk haka muke."

"Inna, ai ke za su ɗauka ƙanwata ce in sun ga hotonki."

"Tafi can, mai ƙafar zabuwa."

Babur ya kai mu Bungudu, Baba ya cusa fayil cikin riga yana dafe da shi kamar mai ciwon ƙirji. A bakin sakatariya akwai wata bishiya, ƙarƙashinta masu kwafi da masu hoto sun yi layi, kowa da ƙaramin janaretonsa yana tari. Wani dattijo mai kwafi ya ce mu yi kowace takarda uku-uku. Na tambaye shi dalili, ya ce shi ma shekara da shekaru yana wannan aiki bai taɓa jin dalilin ba. A ciki aka buga wa wasiƙar dagaci hatimi ba tare da wahala ba, aka ce fom ɗin kansa sai Gusau. Baba ya yi ta hura hatimin don ya bushe, har muka shiga mota yana hurawa.

Gusau ta karɓe mu da hayaniya. 'Yan keke napep suka yi mana caa a tasha, ɗaya na jan fayil, ɗaya na jan Baba. A garinmu in ka gai da mutum sai ya tsaya ya tambayi gida da gona da shanu. A can na gai da mutum bakwai, biyu suka amsa, su ma suna tafiya.

Ofishin tallafin wani dogon gini ne mai benci a baranda. Na zauna kusa da wani mutumin Magami, siriri, mai jajayen idanu. Ya ba ni goro, na ce ba na ci, ya ce madalla, dama ɗaya ne. Shi aka fara kira. Ta taga muka ji ana yi masa bayani a hankali cewa wannan fom na gidajen da ba su faɗi ba ne, nasa kuwa tun bara ya faɗi, sai ya nemi wani ofis dabam. Ya fito ya tsaya a rana yana duban takardunsa ɗaya bayan ɗaya. Bai yi wa kowa sallama ba ya tafi. Baba ya ƙara dafe fayil.

Jami'in da muka samu sunansa Malam Sanusi, mutum mai sanyin murya da tabarau ɗaure da zare. Ya nuna mini jerin abubuwan da ake buƙata a jikin bango, na karanta wa Baba da ƙarfi don a san na iya: fom, hoton fasfo na mai ɗaki, hoton ɓarna, wasiƙar dagaci, katin ɗan ƙasa, shaidar mallaka, da takardar shaidar asali. Shida muna da su. Ya juya katin Inna, ya ɗago.

"Tsohuwar 'yar Tsafe ce?"

"Can anka haife ta, ranka ya daɗe. Amma ta baro garin tun ban zo duniya ba."

"Na sani, Malam. Sai dai takardar asali daga can za ta fito. Ranar Juma'a muke rufewa."

Baba ya ce, "To." Wannan "to" ɗin na san shi, shi yake yi in tsutsa ta shiga gero.

Masaukinmu gidan Gwaggo Asabe ne, ƙanwar Baba, malamar firamare. Ita da mijinta suna zaune a kwatas, gidajen da gwamnati ke ba ma'aikata haya. Wanda ya zana gidajen nan sau ɗaya ya yi tunani, sauran duk kwafi ne uku-uku. Aka aike ni sayo maggi, na dawo na shiga gida, na zauna a kujera, na miƙe ƙafa, na ce a ba ni ruwa. Sai ga wata mata da ban taɓa gani ba ta fito da ludayi a hannu. Na ce mata na zo gaisuwa ne daga ƙauye. Ta kai ni ƙofar Gwaggo riƙe da hijabina. Ba su da zaure, ba su da rumbu, da rana tsaka ake kulle ƙofa, kuma akwai famfo a kowane gida wanda iska kawai ke fitowa daga cikinsa. Abincin yamma taliyar leda ce da ƙwai. Na cinye na zauna jiran tuwo, ashe an gama ke nan.

Tun kafin abincin, bayan la'asar, wata ɗaliba ta yi sallama, Anti Maryam, da jaka da tarin takardu. Ta ce bincike take yi a kan hayar gidajen gwamnati, gida-gida take bi. Gwaggo na salla, don haka na karɓi baƙuwa.

"Ku nawa ne a gidan nan?"

"Mu goma sha tara, da raƙumi ɗaya."

Ta fara rubutawa, ta tsaya, ta dube ni ta saman takarda. Gwaggo ta sallame ta jefo mini takalmi. Daga nan aka yi tambayoyin gaske: ko hayar na yi musu nauyi, wa ke gyara rufi in ya yi yoyo, shekara nawa suka jira kafin a ba su. Baba na gefe a kan tabarma, yana saurare kamar ana wa'azi. Da ta tashi tafiya ya yi gyaran murya.

"Ɗiyata, in tambaye ki. Manomi na iya samun irin wanga gida? Ba don ni ba. Tsohuwa gare ni, ɗakinta na bakin rami."

Ta ce ita ba ta raba gida, tambaya kawai take yi. Amma abin da ta gano, sai mutum ya kawo takardar albashi da wasiƙa daga ma'aikatarsa, sannan ya shiga layi.

"Albashina dawa ce," in ji Baba, yana murmushin da bai kai ido ba.

Ta ce akwai wani fili a ƙarshen fom inda ake sa ƙarin bayani, za ta rubuta maganarsa a can. Ta rubuta kuwa, na leƙa na gani. Gwaggo ta ce a kawo Inna wurinta kawai. Baba ya girgiza kai ya ce, "Asabe, kin san ba ta barin ɗakin nan da ƙafarta." Ranar na fara gane cewa Baba tsoro yake ji, ba gajiya ba ce.

Hanyar Tsafe ba a hira a kanta. Direba ya ce a yi addu'a kafin ya tayar da mota, kuma kowa ya yi da gaske. Muna wuce Kwatarkwashi har kajin wata mata da ke bayana suka yi shiru. A wani shinge soja ya leƙo ya tambayi abin da Baba ya ɓoye a riga. Baba ya zaro fayil da hannu biyu. Sojan ya buɗe, ya ci karo da hoton fasfo na Inna, wanda ta murtuke a ciki kamar an ci mata gona. Ya rufe da sauri ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

A Tsafe aka ce sai mai unguwar da aka haife ta ya shaida. Mu kuwa abin da muka sani kawai sunan mahaifinta da cewa akwai tsamiya a ƙofar gidansu. Tsamiyar an sare ta, ƙanenta ya rasu, 'ya'yansa sun watse. Muka yi ta yawo a rana har wani mai faci ya tura mu wurin Iya Tabawa, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a unguwar. Idonta ya tafi. Da ta ji sunan Ige, wato Inna, sai ta ce in matso. Ta shafa fuskata tun daga goshi har haɓa.

"Ige ce wagga. Har haƙoran. Tana nan da rashin jin magana?"

"Ta ƙara, Iya."

Ta yi dariya har hawaye suka zubo, daga baya dariyar ta ƙare hawayen ba su ƙare ba. Ta ce tare suka yi tallan fura, rabonsu da juna tun ranar da aka kai Inna gidan miji. Ita ta sa aka riƙe mata sanda har gidan mai unguwa ta ba da shaida. A gidanta muka kwana. Ta ba mu dambu da man gyaɗa, ta sa ni na ci kwano biyu, ta ce na biyun na Ige ne. Da safe ta ba ni ɗaurin daddawa in kai mata, ta ce, "Ki ce da ita ta zo ta gan ni, ni ba ni iya ganinta."

Laraba kafin azahar takarda ta fito, muka koma Gusau. Malam Sanusi ya jera takardun bakwai a tebur, ya duba, ya ce sun cika. Na ga kafaɗun Baba sun sauka. Saura abu ɗaya, in ji shi: dole jami'i ya je ya ga ɓarnar da idonsa, ya ɗauki nasa hoton, shi za a kai wa kwamiti. Gobe yana da zagaye a yankinmu, in muna so mu bi shi a mota.

A nan ne na yi abin da na yi.

Baba ya miƙo mini waya ya ce in kira gida in ce gobe muna tafe da jami'i, shi ya shiga masallaci. Mama ta ɗauka, Inna ta karɓe. Ina jin muryarta daɗi ya kwashe ni.

"Inna, an gama! Gobe gwamnati da kanta za ta zo gidanki. Mota goma, da 'yan jarida, da masu talabijin. Duk Zamfara sai ta ga ɗakinki."



"Ɗakina?"

"Ciki da baya! Ki sa zanen salla."

Na kashe waya ina dariya. Ban ce mata tsagar za a zo gani ba. A zatona kowa ya san haka.

Alhamis da hantsi muka iso a wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, mu uku da direba. Tun daga nesa na ga an share ƙofar gida an yayyafa ruwa. Matan unguwa sun cika tsakar gida, wasu da laka a ƙafa har ƙwauri. Inna na zaune a kan sabuwar tabarma cikin zanen salla, ga ƙwaryar fura an rufe da faifai. Ta leƙa bayanmu.

"Ina sauran motocin?"

Baba ya juyo ya dube ni. Ya zagaya bayan ɗaki, muka bi shi.

Babu tsaga. Bangon ya yi sumul tun daga sama har ƙasa, ja wur, da danshinsa da ƙanshin sabuwar ƙasa. Tun jiya da yamma Inna ta tara mata, aka kwaɓa laka da ciyawa, aka cusa a ramin, aka yi yaɓe, aka bi da makuba. Ga sawun yatsunta nan a jere, irin adon da take yi in salla ta zo. Mama na raɓe a jikin rumbu, ita ta yi ta jido ruwa, don ba ta taɓa yi wa surukarta musu ba.

Malam Sanusi ya fiddo hoton da ke cikin fayil, ya dubi hoton, ya dubi bango. Ya taɓa, laka ta manne masa a yatsa. Ya gane komai.

Baba ya ɗauko fartanya. "Ranka ya daɗe, minti biyu. In kankare maka ka gani. Tana nan a ciki, wallahi tana nan."

"Garba."

Inna ce, ta biyo mu da sandarta. Ban taɓa jin ta kira sunan Baba a gaban mutane ba, ɗan fari ne.

"Aje wagga fartanya. Ga baƙo tsaye, ga mata sun ɓata kwana suna aiki, kai kuma ka tone mini ɗaki a gabansu?"

Malam Sanusi ya rusuna ya gaishe ta. Ya yi ƙoƙari, wannan zan faɗa ko'ina. Ya ce, "Inna, akwai abin da ke damun ɗakin nan? Ki gaya mini in rubuta."

"Sai alheri, ɗana. Mun gode Allah. Shigo ka sha fura."

Ya sake tambaya ta wata hanya, ya ambaci ruwa, ya ambaci damina. Ta ce ɗakin ya ga damina da yawa. Baba na tsaye da fartanya a hannu, bai ɗaga ba, bai aje ba. A ƙarshe jami'in ya ɗauki hoton bangon yadda yake, ya ɗauki na kwazazzabo, ya yi dogon rubutu. Ya ja Baba gefe ya ce zai yi bayani, amma 'yan kwamiti hoto suke dubawa, kuma gidajen da ɓarnarsu ta fito fili su ake sa wa gaba. Ya sha furar kafin ya tafi, don Inna ta tsare shi da ido.

Baba bai dake ni ba. Na so ya dake ni. Ya rataye fayil a ƙusa ya tafi gona.

Bayan sati uku aka liƙa sunaye a ƙofar dagaci. Ni aka aika in karanto. Na bi takardar farko da yatsa sau uku. Sunan Inna na takarda ta biyu, ta waɗanda za a duba baɗi.

Baba ya yi iyakar yinsa. Ya cika buhuna da yashi ya jera a bakin rami, ya tokare bangon da itace. Ya roƙi Inna ta koma ɗakin Mama, ta ce sai dai in ana ruwa. Wata ranar Talata, bayan azahar, aka yi ruwan da ban taɓa ganin irinsa ba, kuma wannan karon ban ƙara ko ɗigo ba. Muna ɗakin Mama gaba ɗaya sai muka ji wani nishi, kamar saniya ta kwanta. Da aka ɗauke muka fito. Rabin ɗakin Inna na cikin kwazazzabo. Gadonta na ƙarfe ya maƙale a baki, ƙafa biyu a sama. Babu wanda ya ji ciwo. Maƙwabta suka yi ta cewa an auna arziki, Baba na amsawa, idonsa na kan ramin.

Yanzu a ɗakina Inna take kwana. Ta rage magana, ko zagina ba ta cika yi ba. Kwana biyu bayan faɗuwar na same ta zaune a kan turmi tana kallon inda ɗakin yake a da. Na durƙusa a gabanta.

"Inna, ni na ja. Babu mota goma, babu talabijin. Ƙarya na yi don ki yi dariya. Da na faɗa miki gaskiya da yanzu an gyara."

Ta juyo ta dube ni.

"Ke kika kwaɓa laka?"

"A'a."

"Ke kika yaɓa?"

"A'a, amma..."

"To rufe mini baki. Ko a kan jaki jami'in ya zo shi kaɗai, baƙo ne. Kakanki bai taɓa bari wani ya ga ɓaraka a bangon nan ba, ba a kaina za a fara ba."

Na fashe da kuka. Ta bar ni na yi mai isata, ba ta rarrashe ni ba. Can ta taɓa ni da sanda.

"Ke da kike kusa da baƙon. Hoton da ya ɗauka, kin gani?"

"Na gani."

"Ya yi kyau?"

Na tuna bangon a cikin wayarsa, ja, sumul, da sawun yatsunta a jere.

"Ya yi kyau, Inna."

"To alhamdulillahi," in ji ta. Ta gyara ɗaurin kallabinta, ta ci gaba da kallon ramin.